WhatsApp, Telegram da Google Drive: wanne ne ke riƙe 'yan aji bayan an gama kwas?

Duk wanda ya yi kwas ta intanet a Katsina, ko na shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da fasahar zamani ne, ko na Jami'ar NOUN, ko irin na wata uku da ƙungiyoyi ke shiryawa, ya san abin da ke biyo bayan karɓar satifiket. Makon farko zauren aji a cike yake da barka da addu'a. Bayan wata guda sai gaisuwar Juma'a da hotunan tallan atamfa. Kafin shekara ta zagayo wani zai tambayi ina takardun darasi na huɗu suke, a yi shiru, domin wanda ya turo su ya canza waya, shafin makarantar kuma an daɗe da rufe shi. Mutanen nan ba faɗa suka yi ba. Kayan ajin ne suka watse, kuma tun farko babu wanda aka ɗora wa alhakin tattara su.

Manhajoji uku aka fi komawa gare su a nan: WhatsApp, Telegram, da kayan aikin Google, wato Drive na ajiya da Docs na rubutu da Sheets na lissafi da Meet na taro. Dukansu kyauta ne a matakin da aji ke buƙata. Gara a faɗi hukuncin tun yanzu. WhatsApp shi ya fi riƙe mutane, amma bai iya ajiya ba. Google Drive ya iya ajiya, amma babu mai zama cikinsa ya yi hira. Telegram ya iya duka biyun daidai gwargwado, sai dai rabin ajin ba za su riƙa buɗe shi ba. Ajin da bai wuce mutum 30 zuwa 100 ba, abin da ya fi masa shi ne zaure ɗaya a WhatsApp da folda ɗaya a Drive. Wanda ke riƙe da makullin waɗannan biyun kuwa, shi ne zancen da ya fi zaɓen manhaja muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Aikin da ake yi kafin a rufe kwas

Akwai aikin da in ba a yi shi a makon ƙarshe ba, da wuya ya yiwu daga baya. Yawancin kwasa-kwasai suna gudana ne a shafin makaranta, ko a Google Classroom, ko a manhajar hirar aiki ta Slack. Idan malami ya adana ajin Classroom bayan an gama, ɗalibai suna iya ganin abin da ke ciki amma ba sa iya rubuta komai, kuma takardun suna zaune ne a Drive ɗin malamin. Ranar da ya goge su, sun tafi. Slack na kyauta yana nuna saƙonnin kwana 90 na baya kawai, kuma tun 2024 yana goge abin da ya haura shekara guda. Wannan kaɗai ya isa a cire Slack daga lissafi.

Wanda makaranta ta ba shi adireshin imel nata, ya sani cewa duk takardar da ya rubuta da shi tana ƙarƙashin ikon makarantar. Ba a iya miƙa mallakar irin wannan takarda kai tsaye zuwa Gmail na kanka. Hanyar ita ce ka raba takardar da adireshinka na kanka, ka buɗe ta daga can, ka yi kwafi. Kwafin shi ne naka. Sharhin da aka yi a gefen takarda ba ya biyo kwafi sai ka zaɓi hakan a ɗan akwatin da ke fitowa, tarihin gyare-gyare kuwa ba ya biyowa sam. Bidiyon darasi da PDF a sauke su a waya ko kwamfuta, matuƙar masu kwas ɗin sun yarda a riƙe su. A tambaya tukuna, kada a ɗebi aikin malami a baza shi ba da izininsa ba.

A wannan makon ne kuma ake tattara sunaye. Fom ɗin Google mai tambaya biyar ya wadatar: suna, ƙaramar hukuma, imel na kai, abin da mutum ya iya, da abin da yake nema. Lambar waya a bar ta ga wanda ya ga dama. Amsoshin suna zubowa kai tsaye cikin Sheets. Imel ɗin shi ne mafi daraja a jerin, saboda layin waya yana ɓata, ana rufe shi, idan ya daɗe a ajiye kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, amma imel yana bin mutum shekaru.

WhatsApp

Ƙarfinsa ɗaya ne, kuma babba ne: kowa na da shi, kowa na buɗe shi kullum. Ɗalibar da ke Sandamu da ma'aikacin da ke Ƙofar Ƙaura da wanda aka yi wa canjin aiki zuwa Funtuwa duk za su ga saƙo kafin la'asar. Yana tafiya ko sabis ya yi rauni, saƙo ya jira har ya samu hanya. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, fayil har GB 2, kiran murya ko bidiyo mutum 32. Akwai ƙuri'a, akwai sanya ranar taro, ana kuma iya maƙale saƙo har uku a saman zaure na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30. A lura da wannan na ƙarshe: saƙon da aka maƙale yana sauka da kansa bayan kwana 30, don haka mahaɗin folda da dokokin zaure a rubuta su a bayanin zaure, inda suke zama har sai an canza.

Rauninsa yana fitowa ne bayan wata biyu ko uku. Hira tana zaune a wayoyin mutane, ba a wani rumbu na tsakiya ba. Wanda ya shigo daga baya ba ya samun dukan tarihin da ya wuce. Wanda bai sauke fayil a lokacinsa ba, in ya dawo bayan an daɗe yana iya tarar da saƙon da ke cewa ya roƙi mai turowa ya sake turowa. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa ba tare da ya kunna ajiyar hira ba, ya rasa komai. Ajiyar ma, a wayoyin Android, tun 2024 tana cin GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, kuma zaure ɗaya mai yawan bidiyo yana iya cinye rabinsa. Sai saƙon murya, wanda mu Hausawa muka fi so. Yana da daɗi, yana sauƙaƙa wa wanda rubutu ke ba wuya, amma ba a iya binciko magana a cikinsa. Bayani mai amfani na minti bakwai kan yadda ake cike takardar neman tallafi, bayan mako biyu ya nutse ƙarƙashin saƙo ɗari biyar. Ƙa'idar da ke aiki ita ce duk wanda ya yi murya mai ɗauke da ilimi ya biyo ta da layi ɗaya a rubuce da ke faɗin abin da ta ƙunsa, domin wannan layin ne bincike zai kamo.

Sai maganar admin, inda aka fi yin asara. Wanda ya buɗe zaure, sauran admin ba sa iya cire shi ko sauke shi, sai in shi ya fita da kansa. Idan kuma admin ɗaya ne tilo ya fita, manhajar ce ke ɗauko wani daga cikin 'yan zaure ta naɗa, ba tare da duba ko wane ne ba. Saboda haka wanda zai buɗe zauren ya zama mutum mai natsuwa da ba ya yawan canza layi, kuma a naɗa admin uku tun ranar farko, aƙalla ɗaya mace idan ajin a haɗe yake. A cikin saitin zaure a kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shigo, a hana kowa canza suna da hoton zaure sai admin, kuma da zarar kowa ya shigo a soke mahaɗin gayyata a fitar da sabo. Mahaɗin da aka bari a buɗe yana yawo, wata rana sai a wayi gari da baƙo yana tallan ninka kuɗi.

Satar asusu ta fi zuwa ta wannan hanya, kuma zaurukan tsofaffin ɗalibai ne abincinta. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce: "Salamu alaikum Malam, yau da ƙarfe takwas akwai taron 'yan ajinmu ta intanet, an turo maka lambar shiga, don Allah karanto mini in sa sunanka." A daidai lokacin saƙo ya shigo da lamba shida. Wannan lambar ta rajistar WhatsApp ɗinka ce a wata wayar. Kana karantowa an fitar da kai, shi kuma ya shiga zauren da sunanka da hotonka, ya fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman rancen gaggawa. Babu wani taro da ke buƙatar ka karanta wa wani lambar da ta zo maka. Rigakafin minti biyu ne: a saitin asusu a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri mai lamba shida, a haɗa da imel. Admin ɗin da bai yi wannan ba bai cancanci riƙe zaure ba. In an riga an sace, a sake rajista da layin nan take. Sabuwar lambar da za ta zo tana fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7 kafin a shiga, amma shi ma ya fita. A wannan tsakanin sauran admin su cire lambar daga zaure, su sanar da kowa.

Abu na ƙarshe da ba shi da cikakken magani: lambar kowa a bayyane take ga 'yan zaure. Mata da yawa, musamman matan aure, wannan ne dalilin da ya sa suke ficewa a hankali ba tare da sun ce komai ba. Saƙon "ya gida" da ƙarfe goma sha ɗayan dare daga wanda aka yi kwas tare sau ɗaya ya isa. Doka a rubuce cewa ba a bin kowa ta bayan fage sai da dalilin aiki, da admin mace da za a iya kai wa ƙara, da cire wanda ya karya dokar ba tare da jan magana ba, su ne ke riƙe su. Ajin da ya rasa matansa ya rasa rabin masu ƙoƙarinsa. Tsarin Communities da WhatsApp ya fito da shi a 2022 yana ɗan taimakawa, domin yana ba da zauren sanarwa guda da admin kaɗai ke rubutu, sannan ƙananan zauruka a ƙarƙashinsa. Amma ga aji mai mutum 40, raba shi gida huɗu yana kashe hira ne kawai. In ma za a raba, zaure biyu sun isa: na aiki da na zumunci.

Telegram

A takarda, Telegram ya fi. Komai yana zaune a rumbun kamfanin, don haka ko ka canza waya sau goma, kana shiga za ka tarar da hirarka da fayilolinka. Zaure yana ɗaukar har mutum 200,000, fayil har GB 2. Admin yana iya buɗe tsohuwar hira ga sababbin shigowa. Ana iya ɓoye lambar waya gaba ɗaya a yi amfani da sunan laƙabi, wanda ke warware matsalar da aka ambata a sama. Tsarin Topics yana raba zaure ɗaya zuwa sassa, a ce guraben aiki daban, tambayoyi daban, gaisuwa daban, ba tare da an raba mutanen ba. Wayar da ke kukan cikewa ma tana samun sauƙi, domin kana iya share abin da ka sauke ka sake sauke shi duk ranar da ka so. Kuma admin yana iya naɗar taron murya na zaure, abin da Meet na kyauta ba ya yi.

Matsalar ita ce ɗabi'a. Mutane da yawa a nan sun sauke Telegram ne don wani abu guda, fim ko wasan tara maki, suka kashe sanarwarsa saboda hayaniya, suka manta da shi. Saƙon da WhatsApp zai isar cikin awa guda, a Telegram sai ya kwana uku ba a gani ba. Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a sani. Hirar zaure a Telegram ba ta da irin rufin da WhatsApp ke yi daga waya zuwa waya, wanda ke hana kowa karanta saƙo sai masu hirar. Wannan rufin sai a hirar sirri ta mutum biyu. Na biyu, asusun da aka daɗe ba a buɗe ba yana goge kansa bayan wa'adin da ke cikin saiti, don haka mai zaure ya duba wannan wa'adin ya tsawaita shi. Miƙa mallakar zaure ga wani yana yiwuwa, amma sai mai shi ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu aƙalla kwana 7 kafin nan. Wanda ya bari sai ranar da zai tafi, ba zai iya ba.

A ganina Telegram ya dace da aji iri ɗaya: wanda ke da bidiyon darussa masu nauyi da suka fi ƙarfin GB 15. A nan sai a buɗe tasha a rufe, a zuba bidiyon kowanne da lambarsa da sunansa, a bar ta a matsayin rumbu. Hira ta ci gaba a WhatsApp. Ƙoƙarin gudanar da hira a wuri biyu lokaci guda yana ƙarewa ne da mutuwar ɗaya, wani lokaci duka biyun.

Google Drive da 'yan uwansa

Nan ne aikin haɗin gwiwa na gaske yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure cikin rashin sani. Docs yana barin mutane da yawa su rubuta takarda ɗaya lokaci guda, har mutum 100, kowa na ganin abin da ɗan uwansa ke yi. 'Yan aji biyar da ke son neman tallafi tare, ɗaya a Daura, ɗaya a Dutsin-ma, uku a cikin gari, ba sa buƙatar tura fayil gaba da baya har a rasa wanne ne na ƙarshe. Sheets yana riƙe jerin guraben aiki da ranar rufe kowanne. Duk abin da aka goge bisa kuskure ana iya dawo da shi daga tarihin gyara, wanda ya fi sauƙin dubawa a kwamfuta.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne folda a Drive ba ta mallaki abin da ke cikinta. Kowane fayil na wanda ya ɗora shi ne, kuma daga GB 15 ɗinsa yake ci. Idan wani ya ɗora littattafai goma a foldar aji, bayan wata shida wurinsa ya cika, Gmail ɗinsa ya daina karɓar saƙo, ya shiga share-share, littattafan nan za su ɓace wa kowa. Kwana 30 suke yi a kwandon shararsa, bayan nan sun tafi. Ko an miƙa mallakar folda ga wani, fayilolin ciki ba sa bin ta; sai an bi su an miƙa. Rumbun haɗaka na gaske, wanda ƙungiya ke mallaka ba mutum ba, yana cikin tsarin Workspace na makarantu da kamfanoni, ba a Gmail na kyauta ba.

Mafitar da ke aiki ita ce a buɗe Gmail guda da sunan ajin, shi ya mallaki folda da duk abin da ke da muhimmanci. Wanda ya kawo fayil ya ɗora, sai mai kula ya shiga da asusun aji ya yi kwafi, a goge na farkon. Amma wannan asusu kamar kuɗin adashi ne: in uwar adashi kaɗai ta san inda suke, ranar da ta yi tafiya kowa ya shiga uku. Lambar wayar dawo da asusu ta zama ta mutum ɗaya, imel ɗin dawowa na wani daban. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, a rubuta su a takarda a raba wa mutum biyu. Dalili shi ne idan aka shiga asusun daga sabuwar waya, Google yakan tsaya ya nemi tabbaci daga wayar farko, kuma in mai ita yana inda babu sabis, an tsaya ke nan. Kada kalmar sirri ta wuce hannun mutum uku, kada kuma a taɓa rubuta ta a zaure. Sannan a riƙa shiga lokaci-lokaci: tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Izinin shiga hawa uku ne, mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Kuskuren da aka saba shi ne a buɗe folda ga duk mai mahaɗi a ba shi ikon gyara, saboda ya fi sauƙi. Sakamakon shi ne duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa yana iya taɓa komai, kuma wanda ya yi gyara ba tare da ya shiga da asusunsa ba, tarihi ba ya nuna sunansa. A yi folda biyu. Ta farko rumbu ce, kowa mai kallo ne, masu kula kaɗai ke gyara. Ta biyu ta aiki ce, ana ƙara mutane da imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya daga jerin da aka tattara. A cikin saitin rabawa a cire alamar da ke ba masu gyara damar gayyato wasu. A Sheets kuma a kulle layin kanu da duk ginshiƙin da ke da lissafi, domin a waya yatsa ɗaya ke goge dabarar da aka yi awa ana haɗawa. Takardar da ke da lambobin waya da imel na mutane kada ta taɓa zama a buɗe ga duk mai mahaɗi.

Sunan fayil ya fara da shekara da wata, sannan lambar darasi, sannan abin da ya ƙunsa, kamar 2025-03 darasi 04 lissafin riba. Haka suke jeruwa da kansu. Fayil mai suna "sabo na ƙarshe" bayan wata uku babu wanda ya san na mene ne.

Inda Google ya gaza shi ne ƙaramar waya. Drive da Docs da Sheets kowanne manhaja ce daban da sai an sauke, kuma a waya mai ƙaramin ƙwaƙwalwa Sheets mai layi da yawa yana ja. Akwai damar ajiye takarda don aiki ba tare da intanet ba, amma sai an kunna ta ga kowace takarda tun ana da sabis. Wanda ke zuwa ƙauye ƙarshen mako ya yi wannan kafin ya bar gari.

Taron kai tsaye da kuɗin data

Meet na kyauta yana ba da minti 60 ga taron mutum uku zuwa sama, har mutum 100. Zoom na kyauta minti 40 ne, shi ma mutum 100, amma yana barin a naɗi taro a kwamfuta. Kiran WhatsApp ba ya yankewa da wa'adi, sai dai iyakarsa mutum 32. Idan masu halarta ba su kai 20 ba, wanda shi ne abin da aka saba gani bayan an gama kwas, kiran WhatsApp ya wadatar, kuma ba sai an koya wa kowa komai ba. Meet ya fi idan za a nuna allo ana bayani. A sa taron a kalandar Google a matsayin mai maimaituwa, mahaɗinsa ba zai canza ba.

Bidiyo shi ke korar mutane. Bisa ƙiyasin da Zoom ya wallafa, murya zalla tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, wato wajen MB 70 a awa idan an haɗa fita da shiga. Bidiyon taro kuwa yana neman kusan megabit 1.6 idan aka haɗa biyun, wanda ya kai wajen MB 700 a awa. Ninki goma ke nan. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin da ke yanke wa mutum shawarar zuwa ko ƙin zuwa. A kashe kyamara, mai bayani kaɗai ya nuna allo. Taro sau ɗaya a wata, minti 45, bayan Isha'i, da batu guda da aka sanar tun kwana uku. Da azumi a mayar da shi bayan Tarawihi ko a ɗage. Mutum ɗaya ya rubuta abin da aka tattauna cikin layi goma ya sa a folda, saboda wanda cajinsa ya ƙare ko wuta ba ta zo ba.

Akwai kuma abin da ya shafi jiharmu musamman. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa, aka yi watanni a haka. Duk wanda ke can a lokacin ya daina samun saƙon kowane zaure ba da son ransa ba, kuma WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Saboda haka jerin sunayen aji ya kasance a buge a takarda a hannun mutum biyu, tare da lambar wani ɗan uwa ga wanda ya yarda ya bayar. Masu zama kusa da iyaka, wajen Mai'aduwa da Kwangwalam, su kashe yawon data (roaming) a saitin waya, domin waya takan kama sabis ɗin Nijar, kati ya ƙare ba a sani ba.

Kuɗi da zumunci

Ba a daɗewa za a fara karo-karo, na biki ko suna ko ta'aziyya, kuma abu ne mai kyau, shi ke mayar da sunayen da ke kan allo mutane. Amma shi ne kuma ya fi tarwatsa zaure idan aka bar shi a hira. Hoton shaidar tura kuɗi guda talatin a cikin zaure ba lissafi ba ne. A buɗe Sheets guda da kowa ke iya kallo, mai karɓa kaɗai ke rubutu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Wanda ba ya son a ga adadin da ya bayar a rubuta shi da lamba maimakon suna. Lambar asusun banki a sa ta a bayanin zaure, kuma a sanar cewa duk canjin asusu sai an tabbatar da shi ta kiran murya daga admin biyu, tunda wanda ya saci WhatsApp ɗin ma'aji abin da zai fara yi shi ne turo sabuwar lamba.

Zumunci a ƙafa yake, kuma tsakanin Katsina da Daura tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Haɗuwa ido da ido sau ɗaya a shekara, bayan Sallah lokacin da na nesa suka dawo gida, tana ƙara wa zaure rai na watanni. A wannan zaman ne ya dace a sauya masu kula idan akwai wanda ya gaji. Mai barin gado ya naɗa sabon admin kafin ya sauka, a canza kalmar sirrin asusun aji, a sauya lambar waya da imel na dawo da asusu, a fitar da sababbin lambobin ko-ta-kwana domin tsofaffin su daina aiki. Sannan a fitar da kwafin hirar zaure ba tare da hotuna ba, wanda ke ɗaukar har saƙo 40,000 na baya-bayan nan, a ajiye shi a foldar masu kula kaɗai, tunda akwai lambobin mutane a ciki. Foldar rumbu kuma a sauke ta gaba ɗaya ta Google Takeout, shafin da Google ke ba mutum kwafin kayansa, a zuba a filashi, a ba wanda ke da kwamfuta ya riƙe.